Tambaya da Amsa: Wai da gaske Sarki Offa na Ingila ya musulunta?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan kusan duk saƙonnin da suka shigo akan mutum ɗaya suke, saboda hoton wani kuɗin zinariya da yake ta yawo a WhatsApp da Facebook, shi yasa na ga gara in haɗa su waje guda. Wanda bai ga tambayarsa ba ya yi haƙuri, in ya karanta zai tsinci amsarsa a cikin ta wani.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. An turo mana hoto a guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai, kuɗin zinariya ne da Kalmar Shahada a jiki, a tsakiya kuma an rubuta OFFA REX da boko. Wanda ya turo yace wai sarkin Ingila ne da ya musulunta sama da shekara 1,200 da suka wuce, shi yasa Fafaroma da Turawa suka binne tarihinsa. Gardama ta kaure har wasu sun yi fushi sun fita daga guruf ɗin. Dan Allah mene ne gaskiyar magana? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa na gode, kuma dan Allah ka lallaso waɗanda suka fita su dawo, abin bai kai a ɓata zumunci ba. Kuɗin dai gaskiya ne ba haɗin kwamfuta ba ne, yana nan ajiye a babban gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan tun 1913, kuma shi kaɗai ne irinsa da aka taɓa samu. Maganar musuluntar ce babu ita. Offa Kirista ne tun ranar da ya hau gadon sarauta a 757 har ya mutu a watan Yuli 796.

Bari mu kalli hoton tare, ga shi nan a gabana yanzu haka. Ɗan ƙaramin abu ne, faɗinsa kamar santimita 2, nauyinsa giram 4 da ɗan ɗoriya, daidai nauyin dinarin Musulunci kenan. A fuska ɗaya an rubuta "La ilaha illallahu wahdahu la sharika lahu" da rubutun Kufi, irin mai kusurwa ɗin nan mara ɗigo. A ɗaya fuskar layi uku ne, Muhammad a sama, Rasul a tsakiya, Allah a ƙasa, sai aka cusa OFFA da REX a tsakanin layukan, shi rex da harshen Latin sarki yake nufi. Toh yanzu juya wayarka ka miƙar da Larabcin yadda za ka karanta shi, me ka gani? Sunan Offa ya koma a kife, kai ƙasa ƙafa sama. In kuma ka miƙar da sunan Offa, sunan Allah da na Manzonsa S.A.W. ne za su kife. Maƙerin da ya sassaƙa hatimin bai san ina ne saman rubutun ba ina ne ƙasansa, zane kawai ya gani yake kwaikwayo kamar yaron da aka miƙa wa allo ranar farko ko babbaƙu bai fara ba, shi yasa ma akwai kurakurai a cikin Larabcin. Sarkin da ya musulunta yana son ya shelanta imaninsa a jikin kuɗi ba zai yarda a kifar da sunan Allah a gefen sunansa ba, kuma da akwai ko almajiri ɗaya a fadar da ya ce a gyara.

A kewayen kuɗin maƙerin ya kwafo har da shekara, 157 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 773 zuwa 774, zamanin Halifa Abu Ja'afar al-Mansur na Abbasiyawa wanda ya gina Bagadaza a 762. Wato wani dinarin al-Mansur ne ya yi ta tafiya daga hannun wannan ɗan kasuwa zuwa na wancan, ya tsallake teku ya tsallake duwatsu har ya faɗo hannun mutanen Offa, su kuma suka ajiye shi a gaba suka kwafa.

To me yasa za su kwafa? Saboda a wancan zamanin sarakunan yammacin Turai sun kusa daina buga kuɗin zinariya gaba ɗaya, azurfa suke bugawa, zinariyar da ɗan kasuwa zai karɓa ido rufe a tashoshin Bahar Rum ita ce dinarin Musulmi, an san nauyinsa an san tsarkinsa. Yadda yau ɗan canji ke kallon dala ya gane ta tun daga nesa ba sai ya iya karanta abin da ke jiki ba, haka dinari yake a lokacin. Duk wanda yake son zinariyarsa ta shiga kasuwa dole ya yi mata kamannin da aka saba gani. Turawan ma sunan da suke kiran kuɗin zinariya da shi, mankus, masana da yawa suna ganin daga Larabci ya fito, manƙush, abin da aka sassaƙa. Mankus ɗaya kwabon azurfa 30 ne a lissafinsu.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ka karanta wa mutanen guruf ɗinku. A 798 Fafaroma Leo na uku ya rubuta wa magajin Offa wasiƙa yana tuna masa cewa Offa ya yi alkawarin aika mankus 365 zuwa Roma duk shekara, ɗaya a madadin kowace rana, dan ciyar da matalauta da kunna fitilun coci. Shi kuma wannan dinarin a Roma aka fara ganinsa kafin ya shiga hannun masu tara tsofaffin kuɗi, shi yasa masana da dama suke ganin yana cikin irin kuɗin da aka buga dan cika wancan alkawarin. Kuma ba Offa kaɗai ya yi haka ba, ƙarnuka bayansa mayaƙan Salibiyya da suka zauna a Sham, mutanen da suka zo yaƙar Musulmi da takobi, sun daɗe suna buga kwaikwayon dinarin Faɗimiyawa da rubutun Larabci a jiki har sai da Fafaroma ya hana su a wajen 1250, babu wanda ya ce sun musulunta.

Ni abin da ke min ciwo wallahi shi ne gaskiyar labarin ta fi ƙaryar daɗi amma mun bar ta. Ƙasa da shekara 200 bayan Hijira, sarki a can ƙarshen duniyar da aka sani, a tsibiri mai sanyi da hazo, in yana son a karɓi zinariyarsa sai ya sa mata kalmar Musulmi. Wannan kaɗai ya isa abin alfahari ga mai neman abin alfahari, kuma in ka faɗe shi babu Baturen da zai ƙaryata ka. Amma in ka ce ya musulunta, yaro ɗan sakandare zai juya hoton ya kunyata ka, daga nan ko gaskiya ka faɗa ba za a saurare ka ba. Ga shi kuma hadisi ya tabbata cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗar duk abin da ya ji.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce, ban taɓa jin sunansa ba sai a wannan hoton. Shi sarkin duk Ingila ne? In kuma ba binne tarihinsa aka yi ba me yasa ba a san shi ba kamar Alfred? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: Ƙanwata tambayarki ta yi kyau. A zamanin Offa babu wata ƙasa guda mai suna Ingila, masarautu ne birjik kowacce da sarkinta, Notambiriya a arewa, Weseks a kudu maso yamma, Kent da Saseks a kudu maso gabas, Angiliya ta Gabas, sai Marsiya a tsakiya, ita ce ta Offa. Babbar fadarsa tana Tamworth, ba nisa da inda birnin Birmingham yake yau. Wanda aka fi lissafawa a matsayin sarkin Ingila na farko shi ne Atelstan, jikan Alfred shahararren sarkin Weseks, a 927, sama da shekara 130 bayan mutuwar Offa.

Offa da jini ya shigo. A 757 dogaran Sarki Etelbald na Marsiya da kansu suka kashe ubangidansu bayan ya yi shekara 41 yana mulki, wani mai suna Beyonred ya haye gadon, shekarar ba ta ƙare ba Offa ya kore shi. Shi Offa ɗan gidan sarauta ne, jininsa yana komawa ga Eyowa ɗan'uwan Penda, wani tsohon sarkin Marsiya, amma ya tarar da ƙasa a wargaje, ƙananan sarakunan da suke bin Etelbald duk sun zame, sai da ya sake tattaro su ɗaya bayan ɗaya. Kuma salonsa daban ne, na gabansa suna barin ƙaramin sarki da rawaninsa in dai zai kawo gaisuwa da haraji, shi kuwa tuɓe rawanin yake. Sarakunan Saseks da na Hwike, wata ƙaramar masarauta a gefen Marsiya, in kika bi takardun kyautar filaye na lokacin za ki ga mutumin da ya sa hannu da sunan sarki a wannan takardar, bayan wasu shekaru ya koma sa hannu da sunan hakimi kawai, daga nan gidan ya ɓace. A 771 ya murƙushe mutanen yankin Hastings. Kent ta ba shi wahala, an gwabza a Otford a 776 kuma bayan yaƙin Kent ta yi kusan shekara 9 tana cin gashin kanta kafin ya dawo ya haɗiye ta gaba ɗaya. A 779 ya ci Sarki Kinewulf na Weseks a Bensington a bakin kogin Tems. Inda takobi bai yi ba sai ya yi da aure, 'yarsa Edbur ya ba Sarki Beyortrik na Weseks a 789, wata 'yar kuma Elfled ya ba sarkin Notambiriya a 792. Mafi muni shi ne na 794, lokacin da ya sa aka fille kan Etelbat sarkin Angiliya ta Gabas, wanda daga baya Kiristoci suka ɗauke shi waliyyi, babban cocin Hereford har yau yana ɗauke da sunansa.

Maganar rashin saninsa kuwa, dalilin a fili yake. Bede, malamin cocin da ya rubuta tarihin farkon Ingilawa, ya gama littafinsa a 731 ya mutu a 735, bai riski mulkin Offa ba. Babban kundin tarihin Angulo-Sakson, wato Ingilawan wancan zamanin, kuma a Weseks aka fara haɗa shi wajen 890 a fadar Alfred, wato gidan da Offa ya taka, jikokin Egbat, mutumin da ya kora gudun hijira. Ita Marsiya babu wani kundin tarihin zamanin Offa da ya tsira daga hannunta, mayaƙan Baikin, maharan teku daga arewacin Turai, sun ragargaza gidajen ibadarta inda ake ajiye littattafai, a 873 zuwa 874 suka yi sansani a Repton inda ake binne sarakunanta suka kori sarkin lokacin daga ƙasar. Alfred ya samu marubuci a gefensa da ya rubuta rayuwarsa tun yana raye, Offa bai samu ba, sai dai a tsinto shi daga takardun filaye da wasiƙun baƙi da kuɗi da kuma ganuwarsa. Duk da haka ba a goge shi ba, Alfred da kansa a gabatarwar dokokinsa ya ambaci dokokin Offa cikin waɗanda ya duba ya ɗebi abin da ya ga ya dace.

TAMBAYA: Malam ina karatu a Birmingham, mun fita yawo wajen iyakar Wels na ga alluna ko'ina da sunan Offa akan wani dogon tudu. Shi ne wannan Offan? Daga wani ɗan'uwa mazaunin Ingila.

AMSA: Shi ne fa, malam, ka taka ganuwarsa da ƙafarka, gani ya kori ji. Sai dai ganuwa ce ba irin ta birni mai kewaye ba, miƙaƙƙiya ce daga kudu zuwa arewa tsakanin Marsiya da masarautun Wels, musamman Powis. An haƙa gwalalo ta ɓangaren yamma wato ɓangaren Wels, ƙasar da aka kwaso aka tara ta tudu ta ɓangaren gabas, saboda haka wanda ya taho daga Wels sai ya fara gangarawa rami kafin ya fuskanci tudu a saman kansa, shi kuma na Marsiya yana tsaye a sama yana hango ƙasar maƙwabci. A wasu wuraren rami da tudu sun kai faɗin mita 20, kuma sama da kilomita 100 na aikin yana nan har yau ana gani, yana hawa tsauni yana sauka kwari. Ka tsaya ka yi tunanin wannan babu katafila babu tifa, mutane ne da shebur da kwando a cikin laka da ruwan sama. Abin da ya ba shi ikon haka shi ne a Marsiya duk mai riƙe da fili akwai aiki uku da ba ya tsallakewa ko da an yafe masa sauran haraji, fita yaƙi, gyaran gada, da aikin ganuwa. Aikin gayya ne amma na dole.

Rikici da mutanen Wels ba sabo ba ne, an yi yaƙi a Hereford a 760, kuma kundin tarihin Wels ya rubuta hare-haren Offa a 778 da 784. Wanda ya fara danganta ganuwar da shi a rubuce shi ne Asser, malamin coci ɗan Wels da ya rubuta rayuwar Alfred a 893, ya ce wani sarki mai ƙarfi da ake tsoro a Marsiya mai suna Offa ya sa an yi babbar ganuwa daga teku zuwa teku. Masu tono ba su samu tudun a haɗe daga teku har teku ba, akwai giɓi masu faɗi, kuma a 2014 an bayyana sakamakon wani tono kusa da Chirk da ya nuna wani sashen ya girmi Offa, wato akwai inda ya tarar da aikin na gaba ya ɗora. Su mutanen Wels ɗin da harshensu Clawdd Offa suke ce mata, garin Knighton ma sunansa a wajensu garin kan ganuwa. Allunan da ka gani na hanyar masu tattaki ne da aka buɗe a 1971, kilomita 285 daga kusa da Chepstow har Prestatyn a bakin teku, in ka samu hutu ka je wajen Knighton, nan ne tudun ya fi fitowa sosai.

TAMBAYA: Ɗana, jikana ne ya karanta min maganar wannan sarki, ya ce wai shi ya ƙirƙiro kwabo. Mu da muka yi ciniki da kwabo mai huji da taro da sisi da sule, shin kwabonmu ne ake nufi? Daga wani dattijo a Kano.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Jikan naku ya kusa gaskiya. Kwabon da kuka riƙe na jan ƙarfe ne ko farin ƙarfe, na Offa kuwa na azurfa ne, amma lissafin ɗaya ne, gidan ɗaya ne. Kafin zamaninsa kuɗin Ingilawa wasu 'yan ƙananan dunƙulallun azurfa ne masu kauri, yawancinsu ko sunan sarki babu. A ƙasar Faransawa Sarki Pepin ya kawo sabon kuɗi mai faɗi siriri wajen 755, wasu sarakunan Kent da Angiliya ta Gabas suka fara gwadawa, sai Offa ya karɓe abin ya watsa shi ko'ina da sunansa a jiki, ana bugawa a Kantabari da Landan da Angiliya ta Gabas. Kowane ɗaya bai kai giram ɗaya da rabi ba. Maƙeri zai ɗora ɗan faifan azurfa akan hatimi na ƙasa, ya ɗora na sama, ya buga da guduma sau ɗaya, ga kuɗi ya fito, gaba sunan sarki wani lokacin har da hoton kansa da gyararren gashi irin na sarakunan Rumawa, baya kuma sunan maƙerin da kansa dan in azurfar ta yi rauni a san wuyan wanda za a kama. Kuma Baba da yawansu akwai gicciye a jiki, wannan ma amsa ce ga masu tambayar addininsa, kuɗin da talakawansa ke kashewa kullum shi ne wannan.

Lissafin kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, wato kwabo 240 a fam, daga tsarin Faransawa na wancan zamanin ya samo tushe, Ingila ta riƙe shi har 15 ga Fabrairu 1971, mu kuma Turawan mulkin mallaka suka kawo mana shi muka yi ta amfani da shi har Naira ta shigo ranar 1 ga Janairu 1973. Harafin d da kuka riƙa gani a da ana rubutawa a gaban kwabo a rasit, daga dinariyus na Rumawa yake, kalmar da Larabawa suka mayar dinar mu kuma muka ce dinari.

Wani abu da ba a taɓa yi ba a Ingila ta wancan zamanin kafin shi ko bayansa, an buga kuɗi da sunan matarsa Kinetrit, da hoton mace a gaba da sunanta da laƙabin sarauniyar Marsiyawa a baya, maƙeri Eyoba ne ya buga. Tana sa hannu a takardun filaye tare da mijinta, bayan mutuwarsa kuma ta shugabanci gidan ibada na Cookham a bakin Tems. Mace ce mai faɗa a ji ƙwarai.

TAMBAYA: Akwai alaƙa tsakaninsa da garin Offa na jihar Kwara? Daga wani direba a Ilori.

AMSA: Babu ko kaɗan malam, sunan ne kawai ya zo ɗaya a rubutun boko. Offa ta Kwara garin Yarabawa ne mai tarihinsa, shi kuwa wancan tsohon suna ne na ƙabilar Angul, akwai ma wani Offa na da can a cikin kakannin da gidan sarautar Marsiya ke jingina da su.

TAMBAYA: Malam ni abin da nake son ji shi ne ƙarshensa. Mutumin da ya tara wannan iko haka, 'ya'yansa sun gaje shi? Daga wata uwa a Kumasi.

AMSA: Hajiya wannan ne ɓangaren da ya fi taɓa ni a duk labarin, kuma ke uwa ce za ki fi ni jin sa. Offa ɗa namiji ɗaya aka sani yana da shi, Ejfirit, kuma kusan duk abin da ya yi a shekaru goman ƙarshe dan yaron nan ya yi. A Marsiya sarauta ba daga uba zuwa ɗa take tafiya kai tsaye ba, duk wanda ke da jinin gidan kuma yake da mayaƙa zai iya nema, shi kansa Offa haka ya samu. Toh sai ya ƙudura cewa nashi ɗan ba zai sha wannan gwagwarmayar ba.

Ya ga yadda Sharlaman sarkin Faransawa ya kai 'ya'yansa Fafaroma ya shafa musu man sarauta a 781, shi ma ya so a yi wa Ejfirit haka tun yana raye. Matsalar ita ce babban limamin cocin Ingila ta kudu yana Kantabari a cikin Kent, ƙasar da Offa ya danne, kuma shi da limamin lokacin, Yanbert, ba sa ga maciji. Sai Offa ya bi ta sama. A 786 ya karɓi wakilan Fafaroma Hadriyan, a 787 aka yi taron malaman coci a Chelsea wanda kundin tarihi ya kira taro mai cike da rigima, aka yanke wani yanki daga ikon Kantabari aka ɗaga Lichfield da ke tsakiyar Marsiya ta zama kujerar babban limami, a shekarar kuma aka keɓe Ejfirit aka naɗa shi sarki a gefen ubansa. Ki duba, mutum ya sake fasalin cocin ƙasa guda dan ɗansa.

Har da Sharlaman ya yi karo saboda yaron. Wajen 790 Sharlaman ya nemi 'yar Offa wa ɗansa, Offa ya ce ya yarda in za a ba Ejfirit 'yar Sharlaman mai suna Berta. Sharlaman ya ji wannan a matsayin raini, ya rufe tashoshin jiragen ruwansa ga 'yan kasuwar Ingila, ciniki ya tsaya cak na wani lokaci. Daga baya an shirya, kuma wasiƙar da Sharlaman ya aiko masa a 796 tana nan, yana kiransa ɗan'uwa, yana alkawarin kare 'yan kasuwa da masu ziyarar ibada zuwa Roma, amma yana gargaɗin 'yan kasuwar da ke shigar burtu da kayan masu ziyara dan su guje wa kuɗin fito. A ciki akwai maganar wasu baƙaƙen duwatsu da Offa ya nema, shi kuma Sharlaman yana ƙorafin cewa mayafan ulu da ake kawowa daga Ingila sun gajarce a mayar da su tsawonsu na da. Ya haɗo masa da kyautar ɗamara da takobi daga ganimar Awarawa, wata al'umma ta gabashin Turai da ya ci da yaƙi, da yadin siliki, ya kuma roƙi a yi wa Fafaroma Hadriyan addu'a wanda ya mutu a ƙarshen 795. Watanni kaɗan bayan wannan wasiƙar Offa ya mutu, bayan shekara 39 akan mulki.

Ejfirit ya hau, ya yi kwana 141, ya mutu a watan Disamba na wannan shekarar ba tare da magaji ba. Alkuwin, malamin nan ɗan birnin Yok na arewacin Ingila da ke fadar Sharlaman, wanda ya san gidan ya kuma sha yabon Offa akan son ilimi, ya rubuta wa wani hakimin Marsiya cewa shi a ganinsa saurayin ba dan zunubin kansa ya mutu ba, alhakin jinin da uban ya zubar ne ya kai ga ɗan, domin kowa ya san yawan jinin da uban ya zubar dan ya tabbatar wa ɗansa sarauta. Kuma alamar hakan ta bayyana nan take, da aka nemi wanda zai hau babu ɗan'uwa na kusa ko ɗaya da ya rage, sai wani Kenwulf wanda dangantakarsa da Offa sai an koma kakannin kakanni. Kent ta yi tawaye tun a 796, kujerar Lichfield aka soke ta a 803, Egbat wanda Offa da surukinsa suka kora zuwa ƙasar Faransawa ya dawo ya hau gadon Weseks a 802, a 825 ya karya rundunar Marsiya a Ellendun, shi ne kakan Alfred. Ita kuma Edbur 'yar Offa, a ruwayar Asser wanda ya ce daga bakin Alfred ya ji, kuma ki tuna gidan abokan gaba ne ke ba da labarin, gubar da ta haɗa wa wani ce mijinta ya sha ya mutu, ta gudu wajen Sharlaman, ta ƙare rayuwarta tana bara a titunan Pabiya a ƙasar Italiya.

Kabarin Offa, malaman gidan ibada na Sent Albans, waɗanda ke ɗaukarsa a matsayin wanda ya kafa gidansu a 793, sun rubuta a ƙarni na 13 cewa a wani ɗan ɗakin ibada a Bedford aka binne shi a bakin kogin Ouse, kogin ya yi ambaliya ya tafi da ɗakin da kabarin. Takobinsa dai ya daɗe, a 1014 wani yarima na gidan Weseks mai suna Atelstan, ɗan Sarki Etelred, da zai mutu ya rubuta a wasiyyarsa cewa ya bar wa ƙaninsa Edmund takobin da ya kasance na Sarki Offa, shekara 218 bayan mai shi ya kwanta dama.